YANKA KANKARE DA HUDA SHI: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

Wannan 'yar takarda an shirya ta ne domin Hakimai, iyayen ƙasa, da malaman da ke riƙe musu littattafan ofis. Abin da ta ƙunsa shi ne bayanin wata sana'a wadda a da ba a san ta ba sai a manyan birane, yanzu kuwa ta isa har garuruwan gunduma, watau sana'ar yanka kankare da huda shi bayan ya bushe ya yi ƙarfi.

Tun da aka buɗe ma'aikatar siminti ta Nkalagu cikin 1957, da ta Ewekoro cikin 1960, sa'an nan ta Kalambaina kusa da Sakkwato ta fara aiki cikin 1967, da ta Ashaka cikin 1979, ginin siminti ya yi ta yaɗuwa har ya zama ba gundumar da za ka shiga ka rasa bene ko masallaci mai rufin kankare. To, gini ba ya zama yadda aka gama shi. Yau a kawo ruwan famfo a nemi inda bututu zai bi, gobe a so kafa na'urar sanyaya ɗaki, jibi mai gida ya ga hanya ta biyo ta ƙofarsa ya ce zai fasa bango ya mai da ɗaki kanti. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana bukatar a yanka ko a huda. In an yi shi bisa ilmi, ba abin da zai biyo baya. In kuwa an yi da ka, ƙarshensa tsagewar bango, ko rigima tsakanin mai gida da ɗan haya, ko asarar rai, Allah ya kiyaye. Yawancin irin wannan magana kuwa ƙofar Hakimi take fara zuwa.

Abin da ke cikin kankare

Kankare haɗin abu huɗu ne: siminti, da yashi, da tsakuwa, da ruwa. Ba bushewar rana ke ba shi ƙarfi ba kamar tubali. Ruwan ne ke haɗuwa da simintin su sandare su zama kamar dutse. Bayan kwana 7 yakan sami misalin kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, amma injiniyoyi ba su lissafa shi cikakke sai ya kwana 28.

Yana da hali guda wanda ya kamata kowa ya riƙe. In an danna shi, yana jure nauyi mai yawan gaske. In kuwa an ja shi ko an lanƙwasa shi, jurewarsa ba ta wuce misalin kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Saboda haka ne ake shimfiɗa rodi a cikinsa kafin a zuba, domin ƙarfen ya ɗauki ja, kankaren ya ɗauki danni. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu. Maginanmu na ƙasa sun daɗe suna ɗaure azara cikin bakan gizo, har soro mai faɗi ya tsaya ba ginshiƙi a tsakiyarsa. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina tun ƙarni na 19, shaida ne. Ba wanda zai yarda yaro ya zo da zarto ya datse azarar da ke riƙe da soronsa. Bambanci ɗaya kawai: Sarkin Magina ya san inda ya sa azararsa, amma mutumin da ya sayi bene ko ya gāje shi bai san inda rodi yake ba, don ido ba ya ganinsa.

Sai kuma nauyi. Kankare mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, tsayin mita ɗaya, nauyinsa kilo 2,400 ne. Watau in an yanke gutsure mai mita ɗaya kowane gefe daga rufi mai kaurin inci 6, abin da zai faɗo ya kai kilo 360, ya ɗara buhun siminti bakwai. In ƙofa ce aka yanke a bangon kankare mai kaurin inci 9, mai faɗin ƙafa 3 da tsayin ƙafa 7, to, ta haura tan ɗaya. Leburori huɗu ba su tare wannan da hannu. Tilas a tokare shi tun kafin a gama yanka, ko a rarraba shi ƙanana.

Guduma da inji

Hanyar da aka saba ita ce guduma da kurfi. Tana da araha, ba ta kuwa bukatar wuta ko mai. Ga ɗan gurbi a jikin bulo ba laifi. Amma ga rufin kankare, wanda birkiloli ke kira dakin, ko ga ginshiƙi, akwai ɓarna a cikinta wadda ba a gani a ranar. Kowane bugu yana girgiza wurin, yana sa 'yan tsage-tsage masu nisa da bakin ramin, yana kuma raba rodi da kankaren da ke riƙe da shi. Ramin da ake so inci 4 sai ya tashi inci 10, bakinsa a farfashe. Damina na zuwa ruwa ya sami hanya.

Masu sana'ar nan ba haka suke yi ba. Kayan aikinsu yana da 'yan ƙwayoyin daimon, dutsen nan da ba abin da ya kai shi tauri cikin duwatsu. Kada a ji daimon a yi tsammanin na ado ne. Na ƙira ne, wanda kamfanin General Electric na Amurka ya gano yadda ake yinsa cikin 1954. Ana cuɗa ƙwayoyin da garin ƙarfe a manna su a bakin faifai. Faifan ba ya yanka kamar zarton kafinta, gugawa yake yi. Ƙwayoyin da ke sama suna cin kankaren har su dushe, ƙarfen da ke riƙe da su ya zaizaye, sababbi su fito daga ƙarƙashi. Shi ya sa gwani ba ya danna inji da ƙarfi, sai ya bar shi ya ci da kansa. Wani abin mamaki kuma, tsohon kankare mai tauri faifai mai taushin ƙarfe yake so, bulo da ɗanyen kankare kuwa mai taurin ƙarfe. Wanda ya zo da faifai ɗaya ya ce da shi zai yi kome, a sa masa ido.

Injunan iri-iri ne. Akwai na hannu, wanda faifansa mai inci 14 ba ya shiga fiye da misalin inci 5. Akwai mai ƙafafu da ake turawa bisa daɓe ko titi. Akwai wanda ake kafa wa dogo a jikin bango ya riƙa bi, shi ne na fitar da ƙofa da taga. Akwai kuma igiyar ƙarfe mai ƙwayoyin daimon da ake zagaya wa abu mai kauri ƙwarai kamar ƙafar gada, amma wannan da wuya a gan ta a aikin gida.

Na huda shi ne aka fi bukata. Bakinsa kamar gwangwani yake, marar gindi, daimon na gefen bakin. Ana ɗaure injin a jikin bango ko daɓe, ya juya a hankali ana ba shi ruwa, ya fitar da gunduwar kankare mulmulalliya, ya bar rami sumul daidai girman bututun da za a sa. Ba girgiza, ba fashewa. Sai dai fa a lura: wannan baki yana cin rodi kamar yadda yake cin tsakuwa, bai san bambanci ba. Kyawun ramin ba ya nuna ba a yi ɓarna ba.

Wuraren da ba a taɓawa sai da injiniya

A nan ne maganar take da nauyi, don haka za a ɗan tsawaita.

Na farko ginshiƙi, wanda magina ke ce wa fila. Duk nauyin abin da ke sama ta cikinsa yake bi ya sauka ƙasa. Ba a rage masa kauri, ba a sassaƙa masa hanyar waya, balle a cire shi don kanti ya yi faɗi. Ran 29 ga Yuni, 1995, wani babban kanti mai hawa biyar da ake kira Sampoong, a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, ya rufta cikin ƙasa da minti ɗaya, mutum 502 suka rasu. Bincike ya nuna an tsara ginin ne domin wani amfani dabam, sai mai shi ya sake shawara: aka cire waɗansu ginshiƙai domin matakalar lantarki, aka rage kaurin waɗansu, aka ƙara hawa na biyar, aka kuma ɗora manyan injunan sanyi a kan rufi. Ginin ya yi misalin shekara biyar ana ciniki a cikinsa kafin ya faɗi. Wannan shi ne abin lura gare mu, domin hujjar da mai gida yakan kawo ke nan kullum: ai an fasa tun bara, ga shi nan tsaye.

Na biyu bim, watau dogon kankaren da ke kwance daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi yana ɗauke da rufi. A tsakiyarsa rodin da ke aiki yana can ƙasa, a bakin ginshiƙi kuwa yana sama. Mai aikin famfo da ya sassaƙe ƙarƙashin bim don bututunsa ya wuce, ya yanke jijiyar ginin ne. Akwai inda za a iya huda ɗan ƙaramin rami a bim, amma injiniya ne zai nuna wurin da girman, ba mai famfo ba.

Na uku baranda mai fitowa waje ba ginshiƙi a ƙarƙashinta. Wannan ita ta fi yaudarar mutane. Rodin da ke riƙe da ita yana kusa da fuskarta ta sama, inda ake takawa, a daidai inda ta manne da bango. Mutum zai ga ɗan layi kawai ya ja a kan daɓe don ya binne bututu, alhali ya datse abin da ya hana barandar karyewa. Haka nan rufin da ke kewaye da kan ginshiƙi, ba a huda shi kusa.

Na huɗu ya shafi manyan gine-gine da gadoji. A waɗansunsu, maimakon rodi kaɗai, akan sa igiyoyin ƙarfe a ja su da inji su ɗame ƙwarai. In an datse ɗaya tana iya fizgewa da ƙarfi ta raunata na kusa, ginin kuma ya rasa abin da yake dogara gare shi.

Bangon bulo ma yana da nasa haddi. Ƙa'idar da ake bi a Ingila ita ce hanyar waya mai bin tsaye kada zurfinta ya wuce sulusin kaurin bango, mai bin kwance kuwa kada ya wuce sudusi. Bulonmu mai rami ne, fatarsa ba kauri, saboda haka doguwar sassaƙa a kwance takan bar bango tsaye bisa rabin jikinsa. Wanda zai buɗe sabuwar ƙofa kuma, sai ya tokare abin da ke sama, ya sa linta tukuna, sa'an nan ya cire na ƙasa. Tun da faifai da'ira ne, yakan zarce kusurwa kafin ya ratsa bango, tsagewa kuwa daga nan take farawa. Gwanaye sukan fara huda rami a kowace kusurwa su haɗa su da yanka.

To, ƙaƙa za a san inda rodi yake? Da fari a nemi zanen ginin. In babu, ko in ana shakkar an bi shi, akwai na'urar hannu mai aiki da maganaɗisu wadda ake gogawa a jikin kankare ta nuna inda ƙarfe yake da zurfinsa. Akwai kuma mai aika igiyar rediyo ciki, ita tana nuna har bututun roba. A zana abin da aka gani da alli kafin a ta da inji. Wayar lantarki takan bi miƙe daga makunni zuwa sama ko ƙasa ko gefe, amma ba kowane mai haɗa wuta ke kiyaye wannan ba, don haka a kashe wutar gidan daga tushe, a rufe ruwa.

In an gama, bakin rodin da ya bayyana a rufe shi. Ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake, ya ture kankaren da ke kansa ya ɓare.

Yankan da ke hana tsagewa

Akwai yanka guda wanda shi gyara ne. Kankare yana ɗan tsukewa sa'ad da yake sandarewa, saboda haka babban daɓe, kamar na harabar masallaci ko rumfar kasuwa ko tashar mota, lalle sai ya tsage. Abin da ake yi shi ne a zaɓar masa inda zai tsage. Ana jan layi da inji, zurfinsa rubu'in kaurin daɓen, sai tsagar ta ɓuya a ƙarƙashin layin, ta tafi miƙe. Daɓe mai inci 4 ana yanka masa inci 1, a bar ƙafa 8 zuwa 12 tsakanin layi da layi. Lokacinsa kuwa tsakanin awa 6 da awa 18 bayan an gama shafe shi. In an yi gaggawa faifai zai riƙa tumɓuke tsakuwa, in an makara daɓen ya riga ya tsage inda ya ga dama. Da bazara, da kuma lokacin hunturu da iska ke busar da kome, lokacin yakan matso. Masu shirya aikin gayya su tabbata mai injin yana nan ranar zubi, ba bayan mako guda ba.

Ƙura

Wannan ita ce cutar da masu sana'ar suka fi rainawa. A cikin yashi da tsakuwa akwai wani sinadari da ake kira silika. In an yanka kankare a bushe, yakan tashi cikin ƙura. Wadda ke kisa ba ita ce farar da ake gani ba. Ƙwayoyinta sun fi ƙwayar yashi ƙanƙanta sau ɗari ko fiye, suna shiga can ƙuryar huhu su zauna, huhun ya yi tabo ya ƙandare. Likitoci suna kiran ciwon silikosis. Ba shi da magani, yakan ɗauki shekaru kafin ya bayyana, kuma mai shi ya fi saurin kamuwa da tarin fuka. A Amurka, sa'ad da aka fara haƙa ramin Hawks Nest cikin 1930, an sa leburori huda dutse a bushe, ɗaruruwa daga cikinsu suka mutu da wannan ciwo cikin 'yan shekaru. Cikin 1997 kuma hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ƙura cikin abubuwan da aka tabbata suna jawo ciwon daji.

Maganin abin ruwa ne. A riƙa kwarara shi a bakin faifai muddin yana juyawa. Yana kwantar da ƙura, yana kuma sanyaya faifan ya daɗe. Ba a rasa mai cewa ruwa tsada a garinsu. Gaskiya ne, amma jarkoki kaɗan ba su kai kuɗin faifan da ya ƙone ba, balle na jinya. Naɗa rawani ko ƙyalle a hanci ba ya tare ƙurar nan, sai takunkumi mai matata wanda aka yi domin haka. Tabon da ya taru a kwashe shi tun yana ɗanye, don in ya bushe aka share da tsintsiya ya koma ƙura, a kan mata da yaran gida wannan karon. Kada kuma a bar shi ya bi magudana, yakan sandare ya toshe ta. Yana cin fata, sai a sa safar hannu da takalmin roba, da tabarau, da abin toshe kunne.

Inji mai shan fetur ba a ta da shi cikin rufaffen ɗaki ko rami, haka janareta. A cikin hayaƙinsu akwai iska mai guba marar wari, wadda ke kashe mutum bai ankara ba.

Gwada ƙarfin gini

Injin huda yana da wani amfani da zai taimaki Hakimi wajen sasanta rigima. In jama'a suna zargin ɗan kwangila ya rage siminti a makaranta ko ɗakin shan magani, ba sai an yi ta rantse-rantse ba. Injiniya yakan fara da wata 'yar guduma ta awo, wadda wani mutumin Suwizalan, Ernst Schmidt, ya ƙago cikin 1948. In bai gamsu ba, sai ya sa a huda a fitar da gunduwa mai faɗin misalin inci 4, galibi guda uku, daga inda ba zai cuci ginin ba. A kai su ɗakin gwaji a matse da inji har su fashe, a rubuta nauyin da suka jure. Alƙalamin da ya fito shi zai raba gardama. A cike ramukan bayan haka.

Abin da ya shafi ofishin Hakimi

Hakimi ba injiniya ba ne, ba kuwa shi ke ba da izinin gini ba. Wannan aikin hukumomin tsara birane ne na Jihohi, kamar KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna, da Sashen Ayyuka na Ƙaramar Hukuma. Amma shi ke fara ji, ta bakin dagatai da masu unguwa, tun kafin labari ya kai can. In aka ce wane yana fasa ƙasan bene alhali akwai mutane a sama, ya kamata a kira shi a yi masa nasiha ya dakata, a kuma rubuta wa Sashen Ayyuka a ranar. Sake fasalin gini yana bukatar izini kamar sabon gini.

Ba kowane aiki ke bukatar injiniya ba, kada a tsananta wa talakawa. Wanda zai huda katanga don bututun wanka ya fita, a bar shi. Amma duk abin da ya taɓa ginshiƙi, ko bim, ko rufin kankare, ko bangon da ke ɗauke da bene, ko kuwa ginin da jama'a ke taruwa a ciki, sai da takardar injiniya mai rajista. Hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista ita ce COREN, wadda aka kafa cikin 1970. Ta magina kuwa CORBON, cikin 1989. Kowane mai rajista yana da lamba da hatimi, ba kuwa rashin ladabi ba ne a ce ya nuna.

Malamin ofis ya buɗe shafi domin wannan a littafinsa. Ga kowane aiki a ginin jama'a ya rubuta rana, da wurin, da sunan mai injin da na injiniyan da ya yarda da lambarsa, da girman ramin da inda yake, da ko an ci karo da rodi. In bangon na tarayya ne, a kira maƙwabci ya duba gefensa kafin a fara, a rubuta tsagar da ke akwai tun da, su biyu su sa hannu gaban mai unguwa. Zanen kowane sabon gini na gunduma a nemi kwafe a ajiye. Bayan shekara 20, sa'ad da ɗan kwangilar ya tafi, wannan takarda ita kaɗai za ta san inda rodi yake.

In kuwa ginin bai riga ya tashi ba, a tunasar da masu shi su zauna da mai famfo da mai haɗa wuta kafin ranar zubi. Duk inda bututu zai ratsa, a ajiye guntun bututun roba da ya ɗan fi shi faɗi tsakanin rodi, a toshe bakinsa da takardar buhu, a zuba kankare a kewaye shi. In an cire katako ramin yana nan a shirye.

Ana roƙon Hakimai su sa a karanta wannan takarda a taron dagatai, a kuma kira birkiloli da masu aikin famfo da na lantarki na gunduma su saurara.